Maganin da Shi Ma Sai an Dafa Shi: Daga Gashin Cibi a Gobir Zuwa Tukunyar Tururi

Waɗanda data ba ta bar su sun saurari shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba, sai dai na gyara wuraren da baki ya yi tuntuɓe.

Akwai wata kwalba da kusan kowannenmu ya sani. Tana nan a kan teburin mai kemis, ko a lungun ɗakin wankin ciwo na ƙaramin asibiti. Ruwan cikinta fari-fari ne kamar an ɗiga madara, wani lokaci kuma ruwan ɗorawa-ɗorawa. Da ka je da rauni ita ake fara jawowa. Wata ranar kasuwa a gabashin Sakkwato na raka wani yaro kemis, salansar babur ta ƙone shi a ƙwauri. Mai kemis ɗin mutumin kirki ne, ko kuɗin wanki bai karɓa ba. Ya ɗauko kwalbar, ya ga ta kusa ƙarewa, sai ya tsiyaya ɗan magani daga babbar jarka, ya cika sauran da ruwan buta, ya girgiza. Audugar kuwa tana jiƙe cikin wata roba mai murfi, da gani ta kwana biyu a ciki. Na tambaye shi yaushe rabon da a wanke kwalbar. Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce wa ya taɓa wanke sabulu?

Tambayar tasa tana da ma'ana fa. Manyan likitocin Turai ma sun shafe kusan shekara ɗari suna wannan tunani, kafin su gano cewa mai dokar barci na iya ɓugewa da gyangyaɗi, wato ruwan da aka haɗa don kashe ƙwayoyin cuta shi kansa yana iya zama gidansu. Amsar da suka samo kuwa tsohuwar aba ce da kakanninmu suka fi kowa yarda da ita: wuta.

To bari mu fara daga gida.

Ƙasar da muke magana a kai, Sabon Birni da Isa, tsakiyar tsohuwar daular Gobir ce. Kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗi a 1808, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau. Arewa kaɗan ka tsallaka Nijar, ta wajen Maraɗi da Tsibiri, inda 'yan'uwa suke har gobe. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san matsayin wuta a sha'anin lafiya. Mace ta haihu, za a ɗora babbar tukunya, wankan jego safe da yamma da ruwa mai ƙuna da ganye, wata har kwana arba'in. Jariri kuma a yi masa gashin cibi, a ɗumama tsumma ko tsingaro a riƙa danna masa har cibiyar ta faɗi. Kumburi ya ƙi fashewa, ko kurkunu ya kama ƙafa a zamanin da ake kurkunu, sai a yi sakiya: a sa tsinken ƙarfe a wuta ya yi jawur a soka. Ga kuma lalas. In ka tambayi tsofaffi dalili, da harshen can za su ce maka wuta ita ka kashe dahi.

Kuma ba su yi ƙarya ba. Abin da ya ɓace musu shi ne inda dafin yake. Sun ɗauka yana cikin jikin mai jego ko cikin kumburin, sai suka kai wutar kan fata. Ba wanda ya kawo a ransa cewa dafin na iya kasancewa a bakin askar wanzami mai yi wa yara tsagen Gobirci ɗaya bayan ɗaya, ko a ɓawon karan da aka yanke cibiya da shi, ko a zaren da aka ɗaure ta, ko a hannun ungozoma.

Kada wani ya ce wannan ƙauyancin Bahaushe ne. Az-Zahrawi, babban likitan tiyatar Andalus da ya rayu wajen shekara ta 1000, kashin farko na littafinsa na tiyata kacokan a kan lalas ne. A Turai kuwa har ƙarni na 16, sojan da harsashi ya sama tafasasshen mai ake zuba masa a raunin, wai albarushi guba ne. A 1537 wani matashin likitan sojan Faransa, Ambroise Paré, man ya ƙare masa a fagen yaƙi a ƙasar Italiya. Dole ta sa ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man fure da wani ɗanko ya shafa wa sauran. Bai iya barci ba don fargaba. Da asuba ya tarar waɗanda bai ƙona ba suna kwance lafiya lau, waɗanda aka zuba wa mai kuwa suna ta zazzaɓi, raunin ya kumbura. Daga ranar ya daina. Sai dai shi ma bai san dalili ba.

Dalilin sai a ƙarni na 19 ya bayyana. A 1847, a babban asibitin Biyana ta ƙasar Ostiriya, wani likita Ignaz Semmelweis ya lura cewa matan da ɗaliban likitanci ke karɓar haihuwarsu sun fi mutuwa da zazzaɓin jego nesa ba kusa ba a kan waɗanda ungozomomi ke karɓa. Ɗaliban daga ɗakin fiɗar gawa suke zuwa kai tsaye. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen da suka kai kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu suka faɗo zuwa wajen kashi 2 cikin 'yan watanni. Me ya samu? Abokan aikinsa suka ji haushi, wai ana ce musu ƙazamai. A gidan mahaukata ya mutu, ranar 13 ga Agusta 1865.

Abin mamaki, kwana ɗaya kafin nan, ranar 12 ga wata, aka kawo wani yaro ɗan shekara 11, James Greenlees, asibitin Gilasgo, amalanke ya taka masa ƙafa ƙashi ya huda fata. A wancan zamani irin wannan karaya hukuncinta yankewa ne, in ba haka ba ruɓa ta kashe mutum. Likitan da ya karɓe shi, Joseph Lister, ya riga ya karanta aikin Louis Pasteur na Faransa, wanda ya nuna cewa wasu halittu ne da ido ba ya gani ke sa abu ruɓewa. Pasteur ya nuna ana iya gamawa da su ta hanyar tacewa, ko zafi, ko sinadari. Rauni ba ya tatuwa, mutum kuma ba ya dafuwa, sai Lister ya ɗauki sinadari, wato kabolik, wanda ya ji ana zubawa a kwatamin garin Kalayil don kashe wari. Ya jiƙa ƙyalle ya rufe raunin. Bayan mako shida yaro ya fita da ƙafarsa. A 1867 Lister ya wallafa sakamakonsa. Ku lura da lokacin: wannan duk a zamani guda ne da wanda Ɗan Halima ya baro Tsibiri da jama'arsa ya kafa Sabon Birni, bayan tsakiyar ƙarni na 19. Kakan kwalbar mai kemis ɗinmu ke nan, kusan sa'ar garin ne.

Kabolik ya ceci rayuka amma yana da mugunta. Yana cin hannun likita, yana ƙona naman da ake son ya warke. Lister har feshinsa ya riƙa yi a iskar ɗakin tiyata, daga baya a 1890 ya fito fili ya janye feshin. Sai Jamusawa suka zo da wani tunani: maimakon a bari ƙwayoyin cuta su shiga rauni sannan a bi su da guba, me zai hana a kashe su tun a jikin wuƙa da zare da ƙyalle? Nan ne wuta ta sauka daga jikin mutum ta koma kan kayan aiki. A ganina duk tarihin nan babu juyin da ya kai wannan.

Amma tafasa ma tana da iyaka, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne ginshiƙin maganar.

A 1876 da 1877, Ferdinand Cohn a Jamus da John Tyndall a Ingila suka gano cewa wasu ƙwayoyin cuta, idan rayuwa ta yi tsanani, sukan dunƙule su shiga wani ƙwanso mai tauri su yi lamɓo, kamar yadda kwaɗo ke shigewa ƙasa da rani yana jiran damina. Tyndall ya tafasa ruwan busasshiyar ciyawa na sa'o'i, ya ajiye, ya dawo ya tarar ya ruɓe. Cikin masu irin wannan ƙwanso har da ƙwayar tetanus, cutar sarƙewar haƙora, wadda ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ita ce ke kama jariri wajen ranar suna, ya daina kama nono, ya sandare, a ce iska ce ko tsuntsu ya gitta.

Matsalar ita ce ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin zafi. Ko itacen dajin Gundumi kaf za ka tura a murhu, iyakarsa ke nan, sai dai ya ƙafe. In kana son ya wuce, sai ka toshe tukunyar ruf, tururin ya rasa hanyar fita, matsi ya taru. Wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera irin wannan tukunya tun 1679, shi don ya dafa ƙashi ya yi laushi. Shekara ɗari biyu cif bayan haka, a 1879, Charles Chamberland, yaron aikin Pasteur, ya mayar da ita na'urar asibiti. Ita ce otokilaf, tukunyar tururi. A cikinta zafi na kai digiri 121, kuma minti 15 a haka ya isa ya fasa ƙwanson nan. Robert Koch da abokansa suka tabbatar a 1881 cewa tururi ya fi busasshen zafi kisa, Ernst von Bergmann da Curt Schimmelbusch kuma suka mayar da shi dokar ɗakin tiyata a Balin. Gwangwanin ƙarfen nan mai huji-huji a gefe da kuke gani nas na ciro auduga da bandeji daga ciki, ƙirar Schimmelbusch ce har yau.

To an dafa wuƙa, an dafa zare, an dafa riga. Abu ɗaya ne ba a waiwaya ba, shi ne kwalbar maganin wanke ciwo. Wa ya taɓa wanke sabulu?

Kafin mu je can, ku riƙe wani suna, don zai dawo da mu Sakkwato. A farkon shekarun 1950, masana a kamfanin ICI a Manchesta suna neman maganin zazzaɓin cizon sauro, sai suka ci karo da wani sinadari da bai yi wa zazzaɓin komai ba amma yana kashe ƙwayoyin cuta a fata, ba ya ƙuna kamar kabolik, kuma yana manne wa fata ya daɗe yana aiki. Suka bayyana shi a 1954. Sunansa kulohezidin. Yana cikin Savlon, yana cikin ruwan kurkure baki da likitan haƙori ke rubutawa.

Asibitocin Ingila suka rungume shi. Ana sayo mai kauri, a sirka da ruwa a manyan kwalabe, a rarraba ɗakunan marasa lafiya, in ya yi ƙasa a ƙara. Sak yadda mai kemis ɗinmu ya yi. Sai aka fara ganin abin da ba a gane ba: mutane a ɗaki guda, raunukansu na yin mugunya da ƙwayar cuta iri ɗaya, ko masu robar fitsari su kamu a jere. A 1958 wasu likitoci suka gano ƙwayoyin cuta na ɓuya a cikin toshiyar kwalba ta ɓawon itace. A 1967 Burdon da Whitby suka wallafa cewa sun samu ƙwayoyin Sudomonas da ransu a cikin ruwan kulohezidin da ake amfani da shi a asibiti. A 1970 wani rahoton ya bi sawun raunukan tiyata da suka ruɓe har zuwa sirkakken maganin, daga nan zuwa ruwan da aka sirka shi. A 1980 kuma a Amurka, asibitoci huɗu na birnin Niyok suka ga ƙwayar cuta iri ɗaya a gwajin jinin mutane da dama, aka bincika aka tarar tana cikin ruwan aidin ɗin da ake goge fata da shi, tun daga masana'anta. Mu ma nan gida an duba. Binciken da aka yi a dakunan shan magani na Ilori a shekarun 1990, da wanda Farfesa Folasade Ogunsola da abokanta suka yi a Legas a farkon shekarun 2000, duk sun samu ƙwayoyin cuta a cikin sirkakkun magungunan da ake aiki da su.

Yaya aka yi haka? Dangin Sudomonas 'yan ruwa ne. Suna cikin tanki, da bakin famfo, da randa, da buta. Fatarsu ta waje na da wuyar hudawa, shi ya sa magani irin Dettol ko Savlon, in an sirka shi da yawa, ba ya iya musu sosai. Sukan manne a bangon kwalba su yi yauƙi, irin santsin nan da kake ji a cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba, su lulluɓe kansu da shi. Duk sanda aka ƙara sabon haɗi a kan tsohon, abinci aka kawo musu. Audugar da aka jiƙa aka ajiye kuwa tana tsotse ƙarfin maganin ta bar ruwa. Sabulu ma yana karya kulohezidin, haka ruwan rijiya mai gishiri-gishiri. A ƙarshe kwalbar na nan da launinta da ƙamshinta na asibiti, amma ta koma tabki. A lafiyayyar fata ba za ta yi komai ba. A ƙuna, ko ido, ko cibiyar jaririn kwana biyu, labari ya sha bamban.

Maganin da asibitoci suka koma wa shi ne su dafa maganin. Ɗakin haɗa magunguna zai sirka kulohezidin da tataccen ruwa, ya zuba a ƙananan kwalabe wankakku masu murfin da ba na ɓawon itace ba, ya rufe, sannan ya jera su a tukunyar tururi, digiri 115 na minti 30 ko 121 na minti 15. In an buɗe kwalba, a yi aiki da ita a zubar da saura, ba ƙari. Daga baya kamfanoni suka koma yin ƙananan ƙunshi na wanki ɗaya. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta nemi masu yin irin waɗannan magunguna su riƙa rubutawa a jiki ko an tsarkake abin da ke ciki ko ba a tsarkake ba, su kuma riƙa ƙunsa shi na amfani sau ɗaya.

Yanzu na san wani zai ce to shi ke nan, gobe sai in ɗora Dettol ɗina a murhu. Don Allah kar ka soma. Dafa magani aikin awo ne. Kulohezidin in ya sha zafi fiye da ƙima yana rushewa ya fitar da wani sinadari mai illa, shi ya sa ake ƙayyade minti da digiri, kuma marar kauri kaɗai ake dafawa. Sifirit wuta yake kamawa, a masana'anta tace shi ake yi ta matsatsiyar mataciya. Aidin tashi yake ya bi iska. Ruwan bilic kuwa lalacewa yake, ga hayaƙi mai shaƙe mutum.

Kai, ko mai tukunyar tururin ma in ya yi sakaci kisa zai yi. A 1972, a asibitin Devonport da ke Ingila, mutum biyar suka mutu bayan an yi musu ƙarin ruwa. Kwamitin bincike ya gano cewa a masana'antar da ta yi ruwan, iska ta maƙale a cikin tukunyar, tururi bai kai ga kwalaben da ke ƙasa ba. Na sama suka dahu, na ƙasa suka ɗan ji ɗumi kawai, aka haɗa duka aka kai kasuwa. Ma'aunin zafin ya nuna akwai matsala, amma ma'aikatan sun saba da lalacewarsa, sai suka yi biris da shi. Wannan labari in ka ba wa duk wanda ya taɓa aiki inda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar dahuwa, ba sai ka yi masa bayani ba.

To mu dawo gabashin Sakkwato. Tukunyar tururi tana son wutar lantarki ko gas, tana son tataccen ruwa, tana son mai kula da ma'auni. A asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wannan ba abin labari ba ne. Amma haihuwar Gatawa da Tsamaye da Turba da Bafarawa, mafi yawanta a ɗaki ake yin ta. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta daɗe tana nuna cewa a jihar Sakkwato kusan mata tara cikin goma a gida suke haihuwa. Wace tukunya za ta je musu?

Amsar ta ɓullo daga inda ba a zata ba, ƙasar Nefal. A can ma a gida ake haihuwa, ana shafa wa cibiya man girki da toka. Wani babban bincike da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa jariran da aka goga wa kulohezidin mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari a cibiya sun fi tsira, musamman in an fara a ranar farko, inda mace-mace suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bangaladash da Pakistan suka gwada, sakamakon da ya fito a 2012 ya goyi baya. A watan Maris na 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, Sakkwato ta zama jiha ta farko a Najeriya da ta ƙaddamar da rabon wannan magani ga masu haihuwa a gida, da tallafin shirin TSHIP na hukumar USAID. Daga Nefal aka sayo kashin farko. An haɗa shi da ƙwayoyin misofurostol na tsayar da zubar jini bayan haihuwa, aka damƙa wa amintattun mutane a mazaɓu 244 na ƙananan hukumomi 23, har da na Isa da Sabon Birni, don in naƙuda ta tashi da tsakar dare a same shi a cikin gari. A 2014 kamfanin Drugfield na jihar Ogun ya fara yin sa a gida.

Abin da ya burge ni a wannan dabara shi ne siffar abin. Ɗan tubu ne kamar na man shafawa, maganin ciki mai kauri, ba a sirka shi, ba a ƙara masa ruwan buta, na jariri ɗaya ne, in an gama a yar. Duk darasin da asibitocin Ingila suka koya da rayukan mutane a shekarun 1960, ga shi an dunƙule shi a abin da bai kai ɗan yatsa ba. Kuma ya dace da halinmu. Kakar jariri ba za ta taɓa yarda a bar cibiya haka nan ba a sa mata komai ba. In ba ka ba ta wannan ba, za ta sa man shanu, ko toka, ko man goge baki, ko man zafi.

Gaskiya dai sai an faɗe ta duka. Da aka gwada a Zambiya da tsibirin Pemba na Tanzaniya, sakamakon 2016 bai nuna raguwar mutuwa ba, wataƙila don can yawancin haihuwa a asibiti ake yi kuma mace-macen dama ba su kai namu ba. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asali a bar cibiya a bushe da tsabta, a yi amfani da kulohezidin a wuraren da aka saba shafa mata abubuwa masu cutarwa. Kowa ya san ɓangaren da muke.

Akwai kuma abin takaici. Wani nau'in maganin ya zo a ruwa-ruwa, cikin 'yar kwalba mai tsinin baki, sak maganin ciwon ido. Tun daga 2015 aka fara samun rahoton iyaye da suka ɗiga wa yara a ido, Najeriya na cikin wuraren farko, wasu yaran suka makance. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi, ta ce an samu irin wannan fiye da sau 40 a ƙasashen Afirka tara. Uwar da ba ta karanta boko ba siffar kwalba take karantawa, wanda ya zaɓi kwalbar kuwa bai yi tunaninta ba.

Yau halin da Sabon Birni da Isa ke ciki ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A 2021 an rufe layukan waya na tsawon lokaci, a Disambar shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga. Dubban mutane sun tsallaka Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Hanyar Marnona zuwa Isa ta dajin Gundumi, wanda Bature Heinrich Barth ya ratsa a 1853 da tafiyar fiye da kwana guda ba tsayawa saboda tsoron mahara, ta sake zama abin tsoro. Ma'aikatan lafiya da yawa sun bar ƙauyuka. Ma'ana, wankin rauni da yankan cibiya sun ƙara komawa hannun mai kemis da ungozoma da wanzami, a ɗakin kara ko a makarantar da 'yan gudun hijira suka fake.

Su kuwa wuta ba ta yi musu wuya ba, tukunyar jego na kan murhu ko yaya aka gudu. Almakashi da zare da tsummokaran da za a karɓi jariri, a jefa su a ruwa a rufe, a ƙirga minti 20 daga lokacin da ya fara tafasa sosai, a bar su su huce a cikin tukunyar, ba a kan tabarma ba. Reza ta zama sabuwa, a gaban mai haihuwa za a ɓare takardarta. Mai kemis ya sirka na wuni ɗaya kacal da tafasasshen ruwan da ya huce, bisa awon da ke jikin jarkar, da yamma ya zubar da saura ya wanke kwalbar ya kife ta ta bushe, audugar kuma a bar ta a bushe sai an zo aiki. Tubun cibiya na cibiya ne, kar ya kusanci ido, kuma in ana shafa shi a bar gashi da tsingaro. Ƙwanson tetanus kuwa, kun ji dai, tafasa ba ta da tabbas a kansa, kulohezidin ma ba ya fasa shi. Abin da ke tare shi allurar riga-kafin da ake yi wa mai ciki ce, wadda kariyarta ke bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan. Najeriya na cikin 'yan ƙasashen da suka rage a duniya ba su kawar da tetanus na jarirai ba, kuma Arewa ce ta riƙe mu.

Yaron nan mai ƙunar salansa, na sake ganinsa bayan mako uku. Ya warke, sai tabo. Mai kemis ɗin ya nuna mini shi yana murmushi, kwalbar na nan a gefen teburinsa, an cika ta har wuya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wanda kakarsa ungozoma ce, ya tambayo mana da me take yankan cibiya kafin zuwan reza, ya rubuto.